Ladan Lauya Da Diyyar Rauni: Nawa Ne Rabon Mai Ciwo?

Tun daga ranar 1 ga watan Fabrairu na 2025, lokacin da 'yan sandan ƙasar nan suka soma tsananta binciken takardar inshorar motoci a kan hanyoyi, maganar diyyar wanda mota ta raunata ta sake tasowa. Wannan inshora ba sabon abu ba ce, domin tun 1945 aka yi dokar da ta wajabta ta. A watan Janairu na 2023 hukumar kula da kamfanonin inshora ta ɗaga kuɗinta daga Naira 5,000 zuwa Naira 15,000 ga motar gida, ta kuma ɗaga abin da za a iya biya saboda ɓarnar dukiya zuwa Naira miliyan 3, alhali diyyar rai da ta rauni ba a yanka musu iyaka ba. Sai dai takarda ba ta biyan diyya da kanta. Sai an nema, neman kuwa sau da yawa sai da lauya, shi kuma lauya da aikinsa yake ci.

A nan ne talaka yake tsayawa cik. Ƙaramar Hukumar Rimin Gado, wadda ke yamma da birnin Kano a kan hanyar Gwarzo, ƙasar manoma ce mai mutum fiye da 100,000 bisa ƙidayar 2006. Gonaki sun haɗe da gidaje, gidaje sun haɗe da titi, manyan motoci da ƙanana da babura kuma suna wucewa dare da rana. Manomin da ya karye a ƙafa a farkon damina ya yi hasara iri biyu, watau kuɗin magani da kuma noman shekara. In an kai shi Asibitin Murtala ko Asibitin Ƙashi na Dala, kafin a sallame shi an sayar da tumaki, wani lokaci har an jinginar da gona. Irin wannan mutum shi ne ya fi kowa bukatar diyya, shi ne kuma ya fi kowa tsoron ofishin lauya, domin bai san nawa za a ce ya biya ba, bai kuma san abin da zai rage masa ba in an ci nasara. Abin lura shi ne, rabon mai ciwo ba a ranar hukunci ake yanke shi ba, a ranar da ya shirya da lauya ake yankewa.

HANYOYI UKU NA BIYAN LAUYA

Duk wanda ya taɓa sa aiki a gona ya san hanyoyin nan, ko da bai taɓa taka kotu ba. Ta farko ita ce jinga. Lauya ya dubi shari'ar ya yanka kuɗi dunƙule, a ba shi wani abu kafin ya soma, a cika masa sauran daga baya. Ko an ci ko an faɗi, kuɗin jinga ya tabbata. Amfaninta shi ne mutum ya san iyakar abin da ke kansa, illarta kuwa ita ce ana neman kuɗi daga hannun wanda ciwo ya riga ya tsiyata.

Ta biyu ta yi kama da ƙwadago, watau biyan kowace fita. Duk ranar da lauya ya je kotu sai a ba shi kuɗin zama da na mota. Wannan yana da sauƙi a farko, amma kowa ya san yadda ake ɗage shari'a a kotunan ƙasar nan. Yau alƙali ba ya nan, gobe likitan da zai ba da shaida bai zo ba, jibi lauyan ɗaya gefen ya nemi a ɗaga. Kowace ɗagewa kuɗi ce, har mutum ya wayi gari abin da ya kashe ya doshi abin da yake nema.

Ta uku ita ce la'ada, irin wadda dillali yake karɓa in ciniki ya faɗa. Lauya ba ya karɓar lada a farko, sai ya ce in an sami diyya yana da kashi kaza a ciki, in ba a samu ba aikinsa ya tafi a banza. A dokar Ingila ta dā, wadda Nijeriya ta gada, ana ɗaukar irin wannan shiri a kan cinikin shari'a, har laifi ne a can kafin 1967. Amma ƙa'idojin aikin lauyoyi na Nijeriya na 2007 sun fito fili sun halatta shi a shari'un neman haƙƙi, sababbin ƙa'idojin da suka soma aiki ranar 1 ga Janairu 2024 kuma ba su rufe wannan ƙofa ba. Ga mutumin karkara wanda ba shi da ko sisi a hannu, wannan ita ce hanyar da ta fi yiwuwa, ita ce kuma wadda aka fi cutarsa a cikinta in bai buɗe ido ba.

LADA DABAN, ƊAWAINIYA DABAN

Babban ruɗanin da ke haddasa rigima tsakanin lauya da wanda ya ɗauke shi shi ne rashin rarrabewa tsakanin ladan lauya da kuɗin ɗawainiyar shari'a. Lada shi ne kuɗin iliminsa da lokacinsa. Ɗawainiya kuwa ita ce kuɗin shigar da ƙara, da na kai sammaci, da na karɓo rahoton likita da na 'yan sanda, da na ɗauko shaidu daga ƙauye zuwa birni, da na buga takardu. Lauyan da ya ce ba zai karɓi kome ba sai an ci nasara, a kan ladansa yake magana. Ƙa'idar aikinsa ma ta hana shi ɗaukar nauyin ɗawainiyar shari'ar wani kyauta a matsayin jarin da zai ci riba da shi, abin da ta yarda kawai shi ne ya ranta, a mayar masa daga baya. Ma'ana, ko an faɗi shari'ar, bashin ɗawainiya yana iya zama a wuyan mai ciwo.

Ga misali don mai karatu ya ga inda gizo ke saƙa. A ƙaddara an ba wani diyyar Naira miliyan 3, ɗawainiya ta ci Naira 600,000, an kuma shirya lauya yana da sulusi. In lauya ya cire sulusinsa daga kuɗin gaba ɗaya, zai ɗauki Naira miliyan 1, a cire ɗawainiya, mai ciwo ya tashi da Naira 1,400,000. In kuwa an fara cire ɗawainiya tukuna, saura Naira 2,400,000, sulusinta Naira 800,000, mai ciwo ya tashi da Naira 1,600,000. Shari'a ɗaya, kashi ɗaya, amma bambancin ya kai Naira 200,000, kuma layi ɗaya ne a takardar yarjejeniya yake kawo shi. Wanda bai iya karatun Turanci ba, ya dangwala yatsa a kan abin da bai ji fassararsa ba, ba zai san an yi ba.

Kada kuma wani ya sa rai cewa wanda ya faɗi shari'a shi zai biya masa lauya. Gaskiya ne kotu takan umarci wanda ya faɗi ya biya wani abu na ɗawainiya, amma abin da akan yanka bai taka kara ya karya ba. A shekarar 2000, a shari'ar kamfanin Guinness da Nwoke, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ƙi yarda a ɗora wa abokin shari'a ladan lauyan ɗaya gefen. Wasu hukunce-hukuncen da suka biyo baya sun sassauta, sun yarda a nemi wannan kuɗi in an ambace shi tun a takardar ƙara kuma an kawo hujja. Duk da haka, abin da ya fi yawa shi ne ladan lauya daga cikin diyyar mai ciwo yake fita.

ABIN DA DOKA TA TANADA

Doka ba ta bar mai ciwo a hannun lauya haka kawai ba, ko da yake kaɗan ne suka san haka. Dokar aikin lauyoyi ta 1975 ta ce lauya ba zai kai wanda ya yi wa aiki ƙara don neman lada ba, sai ya rubuta masa lissafi mai bayanin manyan ayyukan da ya yi, ya sa hannu, ya kai masa, sa'an nan wata guda ya wuce. A cikin wannan wata, wanda aka kai wa lissafin yana da ikon zuwa Babbar Kotu ya nemi a tantance shi, a rage in an yi zari. Har ila yau, kuɗin da lauya ya karɓa a madadin wani amana ce, wajibi ne ya ajiye shi a asusu dabam da nasa. Wanda ya ci irin wannan amana ana iya kai shi gaban Kwamitin Ladabtar Da Lauyoyi, wanda ke da ikon soke sunansa daga aikin baki ɗaya.

Game da la'ada kuwa, ƙa'ida ta sharɗanta cewa kashin ya zama bisa adalci, kada a sami yaudara ko tilasci a ciki, kuma lauya ya fara bayyana wa mutum ma'anar shirin, ya ba shi zaɓin biya ta wata hanya in ya fi so. Gibin da ke nan shi ne ba a ambaci wani adadi da ba za a wuce ba. Kalmar adalci tana da faɗi, mai ƙarfi kuwa shi yake fassara ta.

A watan Mayu na 2023 aka fito da wani umarni kan ladan lauyoyi, wanda ya kasa jihohi gida uku, Legas da Abuja suna sama, ya kuma ƙayyade mafi ƙarancin abin da lauya zai karɓa a kan ayyuka iri-iri. Abu mai kyau a cikinsa shi ne ya wajabta wa lauya rubuta sharuɗɗan aiki cikin kwana 14 da ɗaukarsa. Amma mai lura zai ga cewa umarnin ƙasa ya tokare, bai rufe sama ba. Ya kare lauya daga arahar aikinsa, bai kare mai ciwo daga tsadarsa ba.

DARASIN SHARI'AR PFIZER

Jihar Kano ba baƙuwa ba ce ga wannan magana, domin a nan aka yi wata babbar shari'ar diyyar rauni. A shekarar 1996, lokacin annobar sanƙarau wadda ta kashe fiye da mutum 11,000 a ƙasar nan, kamfanin magunguna na Pfizer na Amurka ya gwada wani magani mai suna Trovan a Asibitin Zana na Kano. Yara wajen 200 aka sa cikin gwajin, rabi aka ba su sabon maganin, rabi aka ba su wani wanda aka riga aka sani. Yara 11 suka rasu, wasu suka naƙasa. Iyaye suka ce ba a nemi izninsu yadda ya kamata ba, kamfanin kuwa ya musanta laifi, ya ce cutar ce ta yi ɓarnar, ba maganinsa ba.

Maganar ba ta fito sarari ba sai a watan Disamba na 2000, da jaridar Washington Post ta buga bincikenta. A 2001 aka shigar da ƙara a Amurka a madadin wasu iyalai, aka yi shekaru ana gardamar ko kotun can tana da hurumin saurara. A 2007 Gwamnatin Jihar Kano, zamanin Malam Ibrahim Shekarau, ta shigar da tata ƙarar. A watan Yuli na 2009 aka yi sulhu a kan Dala miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba.

Yadda aka raba wannan kuɗi shi ne abin nazari. Dala miliyan 35 aka ware don diyyar waɗanda abin ya shafa, a ƙarƙashin wani kwamitin amintattu wanda tsohon alƙalin Kotun Ƙoli, Mai Shari'a Abubakar Bashir Wali, ya shugabanta. Dala miliyan 30 aka ware don ayyukan kiwon lafiya a jihar. Sauran Dala miliyan 10 kuwa na ɗawainiyar shari'ar gwamnatin jihar ne, watau kimanin kashi 13 daga cikin 100. Abin yabo a nan shi ne an rubuta kason shari'a dabam, an sanar da jama'a adadinsa, ba a cakuɗa shi da na masu ciwo ba. Abin takaici kuwa shi ne lokaci. An sharɗanta gwajin ƙwayoyin halitta don tabbatar da dangantaka, mutane fiye da adadin yaran suka fito neman diyya, aka shiga jayayya. Sai a watan Agusta na 2011 aka biya iyalai huɗu na farko Dala 175,000 kowanne, shekara 15 bayan faruwar abin.

In shari'ar da gwamnati ta tsaya mata, jaridun duniya suka sa mata ido, ta ɗauki shekara 15 kafin kuɗi ya shiga hannun iyaye, mai karatu zai iya auna halin manomin da ke bin kamfanin inshora shi kaɗai. Ba wani iyali a cikin waɗancan da zai iya biyan jinga ko kuɗin zama na tsawon waɗannan shekaru. Wannan ya nuna cewa lauya mai haƙurin jiran ladansa yana da amfani ƙwarai, ya kuma nuna cewa amfanin yana cika ne in an raba kuɗi a fili.

YADDA WASU ƘASASHE SUKA YI

A Amurka, inda la'ada ta fi yaɗuwa, abin da aka saba shi ne lauya ya ɗauki sulusin diyya, wani lokaci ya kai kashi 40 daga cikin 100 in shari'ar ta yi nisa, kuma a can kowa shi yake biyan lauyansa. Ingila kuwa ta buɗe ƙofar biya bayan nasara a 1995, sa'an nan daga watan Afrilu na 2013 ta yanka iyaka. A shari'ar rauni, ƙarin ladan nasara da lauya zai cira ba zai wuce kashi 25 daga cikin 100 na diyyar raɗaɗi da ta hasarar da ta riga ta auku ba, kuma ba a taɓa kuɗin da aka ware don jinyar mutum ta nan gaba. Hikimar wannan a bayyane take. Kuɗin keken guragu da na maganin shekaru masu zuwa ba riba ba ce da za a raba.

DIYYA DA YAFEWA

A karkarar Kano yawancin irin waɗannan al'amura ba sa zuwa kotu. Dattawa da shugabannin ƙungiyar direbobi sukan zauna, mai mota ya ɗauki wani abu na magani, dangi su ce ƙaddara ce, sun yafe. Yafewa halin kirki ne in ta fito daga zuciya, amma sau da yawa tsoron kashe kuɗi ne yake sanye da rigar yafewa. Alhali kuwa shari'ar Musulunci ta ɗauki diyya da muhimmanci. Ta ƙayyade raƙumi 100 ko dinari 1,000 na zinariya a kan rai, yatsa ɗaya ushirin wannan, haƙori ɗaya raƙumi biyar. Malaman fiƙihu kuma sun bayyana cewa haƙƙin maraya ba na wani ba ne da zai yafe shi don a yaba masa. Bugu da ƙari, in motar tana da inshora ta gaskiya, wanda aka yafe wa a haƙiƙa ba direba ba ne, kamfanin da ya riga ya karɓi kuɗi don irin wannan rana ne.

Biyan lada bayan nasara ma ba baƙon abu ba ne a fiƙihun Malikiyya, shi ne ake kira ji'ala, kamar a yi wa mutum alkawarin lada in ya nemo dabbar da ta ɓace. Sharaɗin da malamai suka ƙarfafa shi ne a san ladan tun farko don kada a bar ƙofar husuma a buɗe. A kan wannan, fiƙihu da dokar zamani sun yi tarayya.

ABIN DA YA KAMATA

Da farko, ya kamata Ƙungiyar Lauyoyi ta Ƙasa, musamman rassanta na Kano, ta fito da takardar yarjejeniya ɗaya ta shari'un rauni a cikin Hausa, da boko da ajami, wadda za ta amsa tambayoyi huɗu: kashi nawa ne na lauya, kafin cire ɗawainiya ne ko bayanta, wa zai biya ɗawainiya in an faɗi, kuma me zai faru in an yi sulhu tun ba a je kotu ba. A karanta ta a gaban shaida daga dangin mai ciwo, a ba shi kofi.

Na biyu, ya kamata masu tsara ƙa'idojin lauyoyi su yanka iyakar kashin da za a iya ɗauka a diyyar rauni, ya riƙa raguwa in diyyar ta yi yawa ko an sasanta da wuri, a kuma keɓe kuɗin jinyar gaba.

Na uku, akwai Hukumar Agajin Shari'a ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1976. Dokarta ta 2011 ta ba ta ikon tsayawa kyauta a ƙarar diyyar haɗari ga wanda samunsa bai wuce mafi ƙarancin albashi ba, watau Naira 70,000 a wata bisa dokar 2024. Manoma da yawa sun shiga wannan sahu, amma ba su taɓa jin labarinta ba. Ya kamata hukumar, tare da Ma'aikatar Shari'a ta Jihar Kano, ta riƙa tura lauya zuwa sakatariyar ƙananan hukumomi irin su Rimin Gado da Tofa da Kabo a ranaku sanannu, a sanar ta bakin hakimai da dagatai da limamai.

Ga su kansu jama'a kuwa, wanda tsautsayi ya rutsa da nasa ya rubuta lambar motar, ya tabbata 'yan sanda sun yi rahoto, ya adana rasiɗin kowane magani, ko da wurin mai ɗori aka fara zuwa a nemi likita ya rubuta bayanin raunin. Kada a yi jinkiri, domin ƙara tana da wa'adi, in ma'aikacin gwamnati ne a bakin aikinsa dokar da ke kare su ta ƙayyade wata uku a yawancin lokuta. Kada kuma a sa hannu ko a dangwala yatsa a kan takardar da ba a ji fassararta ba, ta lauya ce ko ta kamfanin inshora. Lauya na ƙwarai ba ya jin haushin a tambaye shi lissafi, wanda ya ji haushi kuwa ya ba da amsa tun ba a yi nisa ba.